Zayyanar Kayan Ado daga Itatuwa da Tsirrai: Matsayinta a Sana'ar Ƙira a Ƙasar Damagaram

Ƙirar kayan ado na azurfa da zinariya aiki biyu ne a haɗe. Akwai aikin hannu, wato narka ƙarfe da zubi da liƙi da gogewa. Akwai kuma aikin ido, wato zaɓen siffar da za a ba ƙarfen tun kafin a hura wuta. A ƙasar Hausa mutum ɗaya ne ya saba riƙe su duka biyu. A manyan gidajen kayan ado na duniya kuwa mai zayyana daban, maƙeri daban, kuma sau da yawa sunan mai zayyanar ne ke sayar da kayan. Wannan lacca ta shafi aikin idon ne: inda siffofin suke fitowa, yadda ake ɗauko su daga itatuwa da tsirrai, da yadda matashi a Gaffati ta ƙasar Mirya ko a cikin birnin Damagaram zai mai da wannan aiki abin dogaronsa.

Hausawa sun raba maƙera gida biyu. Maƙeran baƙi su ne masu aikin baƙin ƙarfe, masu ƙera hauya da gatari da lauje da wuƙa. Maƙeran fari su ne masu aikin azurfa da tagulla da jan ƙarfe, kuma daga hannunsu zobe da 'yan kunne da awarwaro da munduwa da kayan adon doki suke fitowa. Sana'ar ta gado ce, tana kuma da shugabanci a ƙarƙashin Sarkin Maƙera. A wannan yanki an daɗe ana cuɗanya da maƙeran Abzinawa, waɗanda ake kira inadan, waɗanda suka yi suna wajen zane a kan azurfa.

Ƙarfen da ake aiki da shi yana da nasa tarihin. A shekarar 1353 matafiyin nan Ibn Baɗɗuɗa ya sauka a Takadda, a ƙasar Abzin, ya kuma ba da labarin yadda ake narka jan ƙarfe a can ana yin sanduna ana kai su Gobir da Barno. Azurfa kuwa daga waje take zuwa, mafi yawanta a siffar kuɗi. Liyarin Mariya Tareza, wanda aka fara bugawa a ƙasar Ostiriya, aka ci gaba da buga shi da kwanan shekarar 1780 tsawon ƙarnoni, shi ne babbar taskar maƙeran fari. Nauyinsa giram 28 da ɗoriya, kashi 83 cikin 100 nasa azurfa ce, saura jan ƙarfe. Ayarin raƙuma ne ke kawo shi daga Tarabulus ta Gat da Agadas, su sauka a unguwar Zango ta Damagaram, su koma da fatu da gashin jimina da hauren giwa. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya riƙe sarauta daga 1851 zuwa 1884, Damagaram ta zama babbar mahaɗar wannan fatauci. A zamaninsa ne aka kewaye birnin da ganuwa, kuma a cikin garin aka riƙa zubin igwa. Masanin tarihi André Salifou, wanda jami'ar Damagaram ke ɗauke da sunansa a yau, ya rubuta tarihin wannan sarauta a littafin da ya fito a 1971. Garin da maƙeransa suka iya zubin igwa ba baƙo ba ne ga ilimin narka ƙarfe. Abin da ya rage a duba shi ne siffofin da aka ba ƙarfen.

Siffofin gargajiya na wannan yanki ba su cika kwaikwayon halitta kai tsaye ba. Sukan taƙaita ta ne zuwa layi da ɗigo da kusurwa. Abin wuyan nan na azurfa da Faransawa suka kira kuros na Agadas misali ne. Maƙera suna kiran wani zagayayyen zane da ke jikinsa idon hawainiya, wani kuma sawun dila. Wanda bai sani ba zai ga ɗigo da 'yan layuka ne kawai, amma mai ƙirar ya san daga wace halitta ya ɗauko su. Damagaram ma tana da nata samfurin, cikin jerin 21 da ake jingina wa garuruwan Nijar irin su Tawa da Ingal da Bilma da Iferwan. Wannan jeri ya daidaita ne a rabin ƙarshe na ƙarni na 20, kuma kasuwar baƙi masu yawon buɗe ido ta taimaka wajen kafa shi. Na Ingal yana ɗauke da jan dutse. Irin wannan dutse, da ake yin talhatana da tsakiya da shi, da farko daga Kambai ta ƙasar Indiya yake zuwa, sannan a ƙarni na 19 garin Idar-Oberstein na Jamus ya shiga kasuwar, daga baya aka riƙa kwaikwayonsa da gilashi. Murjani da wuri kuwa halittun teku ne da suka ratso hamada da daji suka zama adon matan Hausa.

A wasu ƙasashe an bi hanyar kwaikwayo ƙarara. Mutanen Misira na dā sun ƙera buzuzu da zinariya da duwatsu masu launi. Maƙeran Asante a Gana sun yi ma'aunan garin zinariya da tagulla, wasu a siffar kada ko kifi ko tsuntsu, wasu ma ta hanyar lulluɓe ainihin gyaɗa ko ƙwaro da yumɓu, a ƙone shi, a zuba ƙarfe a gurbinsa. A Faransa, René Lalique, wanda ya rayu daga 1860 zuwa 1945, ya girgiza kasuwar kayan ado a baje kolin duniya na Paris a 1900 da siffofin furanni da ƙwari da macizai. Abin lura a aikinsa shi ne yakan haɗa zinariya da ƙaho da gilashi, kayan da ba su da tsada, amma aka saye su da daraja saboda zayyanar. Gidan Cartier ya mai da damisa tambarinsa a ƙarƙashin jagorancin Jeanne Toussaint. Waɗannan gidaje sun nuna cewa farashin kayan ado yana iya wuce nauyin ƙarfensa nesa ba kusa ba.

Mai zayyana Musulmi yana da iyakar da ya kamata ya sani tun da wuri. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ake bi a wannan ƙasa, an hana ƙera cikakkiyar surar abu mai rai wadda take da jiki, ta yadda za ta yi inuwa. Surar itace da ganye da fure kuwa babu laifi a kanta. Haka kuma zinariya ta mata ce, namiji azurfa aka halatta masa, a zobe. Wannan iyaka ba ta ƙuntata aikin ba ko kaɗan, domin ta bar wa mai zayyana daji sukutum da gona da fadama, ta kuma bar masa hanyar magabata ta ɗauko alama daga dabba ba tare da ƙera dabbar ba: zanen gashin zabo, tukkun gauraka, sawun tsuntsu a kan yashi.

A nan ne Gaffati da sauran ƙasar Mirya suke da arziki wanda ba a ɗebe shi ba tukuna. Yankin Mirya da Magarya da Matamai ya yi suna a duniya saboda yadda manoma suka riƙa barin itatuwa suna tofowa a cikin gonaki tun daga shekarun 1980, har gawo ya sake rufe filaye masu yawa. Kowace itaciya a cikinsu makaranta ce ga mai zayyana. 'Ya'yan gawo idan sun nuna sukan murɗe su yi zobe mai launin ruwan goro, kuma wannan murɗi shi kaɗai ya isa ya ba da 'yan kunne waɗanda ba su yi kama da na kowa ba. Bagaruwa, musamman irin da ke fitowa bakin tafki, kwansonta yana tsukewa tsakanin ƙwaya da ƙwaya, ga launin toka mai laushi. Wanda ya dube shi da kyau zai ga abin wuya ne gamamme, har da inda za a sa mahaɗi. Goriba ta bambanta da 'yan uwanta giginya da dabino domin gangarta tana rabuwa biyu, kowane reshe ya sake rabuwa biyu, tsarin da ya dace da sarƙar da ke faɗaɗa daga wuya zuwa ƙirji. Furen kuka fari ne, yana rataye a doguwar igiya da kansa ƙasa, da dunƙulen zaruruwa a tsakiya, yana buɗewa da magariba, jemagu su ziyarce shi cikin dare, kashegari ya fara yaushi. Mutane da yawa sun girma a gindin kuka ba su taɓa tsayawa sun dube shi ba, alhali da wuya a sami siffar da ta fi shi dacewa da ɗan kunne mai lilo. Ga kuma furen tumfafiya mai kunnuwa biyar, da bado a kan tafki, da zangarniyar gero wadda jerin ƙwayoyinta ya yi daidai da aikin liƙa ƙananan ƙwayoyin zinariya a kan faranti.

Ganin siffa ba shi ne zayyana ba. Tsakaninsu akwai aiki mai matakai, kuma a nan ne mafi yawan masu sha'awa suke karaya. Da farko ana zana abin yadda yake, a takarda, daga gaba da gefe da baya, sau da yawa, har hannu ya san shi. Daga nan a fara ragewa: a cire duk abin da idan babu shi siffar ba za ta ɓata ba. Ganyen gawo yana da ƙananan ganyaye masu yawan gaske. Idan aka ce sai an ƙera su duka, ƙarfen zai yi rauni, ya riƙa kama mayafi yana yagawa. Mai zayyana yakan bar kaɗan, ya kaurara su, ya dakushe bakinsu. Bayan haka sai a auna siffar da jikin da za ta hau. Ɗan kunne mai nauyi yana jan fatar kunne har ya tsage ta. Zoben da ya yi tudu da yawa yana hana mace tuƙa tuwo da wanki, ƙarshensa sai a jefa shi cikin akwati. Abin wuya kuma dole ya kwanta a ƙirji ba tare da ya juya baya ba, wanda ke nufin a san inda nauyinsa ya taru. A ƙarshe ana rubuta awo: tsawo da faɗi da kauri da milimita, da nauyin da ake sa ran samu da giram. Takardar da ba ta da awo hoto ce kawai, maƙeri ba zai iya aiki da ita ba.

Dole mai zayyana ya san hanyar da za a bi a ƙera abin da ya zana, ko da ba shi zai ƙera ba. Hanyar da ta fi daɗewa ita ce zubi da kakin zuma. Ana sassaƙa siffar da kaki, a lulluɓe ta da yumɓu da aka kwaɓa da kashin jaki ko na doki don kada ya tsage a wuta, a bar ƙofa. Idan ya bushe sai a gasa, kakin ya narke ya fita, a zuba narkakken ƙarfe a gurbin. In ya huce a fasa yumɓun. Tunda ana fasa shi, kowane zubi ɗaya ne tak, babu na biyunsa. Daga nan magagari ya ɗauki aiki, sannan zane da bakin ƙarfe mai kaifi, sannan gogewa. Hanya ta biyu ita ce bugu: a shimfiɗa ƙarfe da guduma a kan uwar maƙera, a yanka, a lanƙwasa. Ta uku ita ce aikin waya, inda ake jan ƙarfe ta ramuka masu raguwa har ya zama kamar zare, a murɗa shi, a liƙa. Maƙeran Senegal sun shahara da wannan, kuma shi ya fi dacewa da jijiyoyin ganye da zaruruwan fure. Gawayin ƙirya ne maƙera suka fi so saboda ƙarfin wutarsa, kodayake a birane wutar gas ta maye gurbin zugazugi a shaguna da yawa. A yau ana iya zana siffar a kwamfuta, na'ura ta fitar da ita da kaki, a yi zubin kamar yadda aka saba. Na'urar tana rage lokaci, amma ba ta san furen kuka ba sai an nuna mata.

Akwai lissafin da ba a yi wa ganganci. Zinariya tsantsa, mai karat 24, tana narkewa a zafin digiri 1064, amma ta yi taushin da ba za ta riƙe siffa mai laushi ba. Shi ya sa ake gauraya ta da azurfa da jan ƙarfe. Karat 22 tana da kashi 91.6 cikin 100 na zinariya, karat 21 kashi 87.5, karat 18 kuma kashi 75. Sarƙa mai giram 10 ta karat 18 ke nan tana ɗauke da giram 7.5 na zinariya tsantsa. Ga aikin da ke da siraran rassa ko mai riƙe dutse, karat 18 ta fi ƙarko, duk da cewa masu saye a nan sun fi son jan launin 21 da 22. Azurfa tana narkewa a digiri 962, kuma wadda kasuwar duniya ta amince da ita ita ce mai lamba 925, wato kashi 92.5. Azurfar liyari ba ta kai wannan ba, haka kuma farin ƙarfen da wasu ke sayarwa da sunan azurfa ba shi da azurfa ko kaɗan. Wanda ya sayar da shi a matsayin azurfa ya ci amana, ya kuma ɓata sunan maƙeran gari gaba ɗaya.

Kasuwa ita ce babbar jarrabawa. A Damagaram da Maraɗi da Kano mata suna sayen zinariya don ado, suna kuma sayenta don ajiya. Sarƙa da 'yan kunne na cikin lefe, ko waɗanda aka saya da kuɗin adashi, dukiya ce da za a iya sayarwa ranar da buƙata ta taso. Saboda haka sikeli ne ke yanke farashi, kuɗin aiki kuwa ɗan abin da aka ɗora ne a sama, kuma ranar sayarwa ba a mayar da shi. Kayan Dubai da na Saudiyya, waɗanda inji ke bugawa da yawa, sun cika shaguna. Maƙerin gida da ya ce zai yi gasa da su wajen kwaikwayon samfurinsu ya shiga takarar da ba zai ci ba. Farashin zinariyar kanta ma ya yi ta hawa: oza ɗaya, wato giram 31.1, ta haura dalar Amurka 2000 a 2020, ta haura 3000 a 2025. Gano zinariya a Jado da Cibarakatan na arewacin Nijar a 2014 bai sauƙaƙa wa maƙera ba, domin mafi yawanta ɗanya take fita daga ƙasar. Hanyar da ta rage wa mai ƙaramin jari ita ce ya fara da azurfa da tagulla, ya yi aiki bisa oda inda mai kaya za ta kawo zinariyarta, ya kuma sayar da abin da babu shi a shagon kowa.

Wannan hanya ta oda tana da wani amfani ta fuskar shari'a. Musayar zinariya da zinariya sai nauyi ya zo daidai, hannu da hannu, don haka ba da tsohuwar sarƙa a karɓi sabuwa tare da ciko yana jefa mutum cikin riba. Mafita ita ce a sayar da tsohuwar a karɓi kuɗi sannan a sayi sabuwa, ko kuwa a ba maƙeri ƙarfen ya sake ƙera shi a biya shi ladan aikinsa. Ana auna ƙarfen a gaban mai shi lokacin karɓa da lokacin mayarwa, a kuma yi yarjejeniya tun farko kan ɗan abin da wuta da magagari za su ci.

Kasuwar waje ta taɓa ɗaga maƙeran Nijar. Gidan Hermès na Faransa ya yi aiki da maƙeran Agadas, kuma a 2006 aka buɗe wani babban baje kolin fasahar Abzinawa a Amurka wanda ya nuna aikin Saidi Oumba da iyalinsa. Amma tawayen arewa na 2007 zuwa 2009, da komawar tseren motoci na Dakar zuwa Kudancin Amurka a 2009, da rashin tsaron da ya biyo baya, sun datse zuwan baƙi. Maƙera da yawa sun koma bin baje koli: shagunan gidan tarihi na Boubou Hama da ƙauyen masu sana'a na Wadata a Yamai, kasuwar SAFEM ta sana'o'in mata, bikin kayan sawa na FIMA da mai zayyanar tufafi Alphadi ya fara a 1998, da SIAO na Wagadugu. Wasu kuma suna nuna kayansu ta WhatsApp da Instagram. A duk waɗannan wurare tebur bayan tebur samfuri ɗaya ake gani, kuma wanda ya zo da sabuwar siffa mai asali shi ake tsayawa a gabansa.

Koyon aikin yana ɗaukar shekaru. Hanyar da ta fi inganci har yanzu ita ce zama a gaban maƙeri, daga zuga da share maƙera zuwa riƙe magagari, a haɗa da koyon zane da lissafi a makaranta ko a cibiyar koyon sana'a. A al'ada mata ba sa zama a maƙera; matan inadan aikin fata suke yi. Zayyana kuwa ba ta buƙatar wuta, kuma yarinyar da ta iya zanen lalle ko ɗinkin hula ta riga ta sami horon ido da hannu. Tunda mata ne masu sa kayan, su suka fi sanin abin da ke ciwo a kunne da abin da ke kama gyale. Masu aiki da wuta su kiyaye lafiyarsu: hayaƙin ruwan asid da ake wanke ƙarfe da shi, da tururin zaiba, da dalma, duk guba ne. Gubar dalma da ta fito daga niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. Maƙera tana buƙatar iska, kuma ba wurin wasan yara ba ce.

Siffar da ta yi kasuwa ba ta daɗewa ba a kwaikwaye ta ba. Nijar tana cikin ƙungiyar OAPI ta kare haƙƙin mallakar fasaha, mai hedkwata a Yawunde, wadda ke aiki da yarjejeniyar Bangui ta 1977, kuma rajista ɗaya ta zane ko samfuri a wurinta tana aiki a ƙasashe 17. Ta hanyarta ne kilishin Nijar da albasar Galmi suka sami kariyar sunan asali. Siffofin gado irin na Agadas da Damagaram na jama'a ne, babu mai mallakarsu shi kaɗai, amma sabuwar zayyana ta mai ita ce. Ko bai kai ga rajista ba, mai zayyana ya ajiye littafin zanensa da kwanan wata a kowane shafi, ya kuma buga tambarinsa da lambar ingancin ƙarfe a bayan kowane aiki. Mai son sayarwa a Turai ya san cewa dokar Tarayyar Turai ta taƙaita ƙarfen nikel a kayan da ke taɓa fata, kuma a Faransa zinariyar da ta kai giram 3 da azurfar da ta kai giram 30 sai an buga musu hatimin tabbaci kafin su shiga shago: kan gaggafa ga zinariya mai karat 18, kan Minerva ga azurfa.